Yadda ake kula da madubin bindiga ya jure ƙura da zafin ƙasar Damagaram

A ƙasarmu ba harbi ne ya fi kashe madubin saitin bindiga ba. Kamfanonin da ke ƙera na kirki sukan gwada shi da dukan baya na manyan harsasai tun kafin ya bar masana'anta. Abin da ba su iya magancewa daga can shi ne irin riƙon da za a yi masa a nan: ƙurar hunturu da ake gogewa da bakin rawani, ranar bazara da yake sha a gaban mota an rufe gilasai, da jijjigar hanya daga Gure zuwa Tasker, bindiga na kwance a bayan kat-kat tana karo da jarkar ruwa. Madubin da ya kamata ya yi shekaru yana aiki, sai ka ga bai ga damina biyu ba ya dushe, ko saitinsa ya soma yawo.

Wannan bayani na ma'aikatan gandun daji ne masu tsaron namun jeji, da maharban da ke riƙe da takardar izinin bindiga da ta farauta. Dokar farauta da kare namun daji ta Nijar, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, ita ce ta tsara wanda zai yi farauta da abin da aka hana taɓawa. Gandun Termit da Tin Tumma kuwa, wanda aka kafa a 2012, ba wurin farauta ba ne sam. Masu shiga can da bindiga bisa doka su ne masu gadinsa, kuma su ne kayan aikinsu ya fi na kowa shan wuya. Mafi yawan abin da za a faɗa a nan ya shafi madubin hangen nesa na hannu shi ma, mai ido biyu, don ciwonsu ɗaya.

Kafin komai, duk lokacin da za ka taɓa madubi yana kan bindiga, fitar da harsashi, buɗe ka duba da idonka cewa ba komai a ciki, sannan ka juya bakinta inda ba mutum.

San abin da ke cikinsa

Daga waje bututu ne na alminiyam, yawanci kaurinsa inci ɗaya, wato milimita 25.4, ko milimita 30, ko 34. A cikinsa akwai wani ƙaramin bututu mai ɗauke da ƙananan gilasai. Majuyan saiti guda biyu, na sama da na gefe, su ne ke tura wannan ƙaramin bututu, wani sifirin kuma yana tokare shi ta ɗaya ɓangaren don kada ya motsa. Saitinka gaba ɗaya a kan wannan tokara ya rataya. An zuƙe iskar cikin madubin an maye ta da busasshiyar iskar naitirojin ko argon, aka toshe kowace gaɓa da zoben roba, aka shafa giris a wuraren da ke juyawa. Fuskar kowane gilashi kuma an yi mata wani shafi siriri ƙwarai, shi ne ke ba ta launin kore ko shuɗi in ka karkata ta, kuma shi ne ke sa haske ya ratsa sosai da almuru da asuba.

To sifirin nan, da zobban roba, da giris, da shafin gilashi, su ne abin da za ka yi ta karewa.

Mataki na farko: gwada shi kafin ka biya kuɗi

Idan kai ne mai zaɓe, ɗauki mai sauƙin gini. Madubin da girman hotonsa ɗaya ne tak, kamar mai ninki 6 ko ninki 10, gaɓoɓinsa masu motsi kaɗan ne, don haka ƙofofin da ƙura za ta bi su ma kaɗan ne. Ni a ganina, ga mai sintiri a rairayi, majuyan saiti masu murfi sun fi waɗanda ke a buɗe, domin buɗaɗɗu suna juyawa da kansu idan suka gogi kujerar mota ko sirdin raƙumi, kuma yashi yana shiga ƙarƙashinsu. Gicciyen saiti, wato layukan nan biyu masu giciye juna da kake gani in ka leƙa, wanda aka zana a jikin gilashi ya fi na siririyar waya jure duka.

Duba takardarsa. Alamar IPX7 na nufin an gwada shi cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30 bai sha ba. Abin da ya hana ruwa shiga, ƙura ma zai hana ta. Kada rubutun da ke jikin kwali kaɗai ya ruɗe ka, don jabu sun yi yawa, kuma sunayen manyan kamfanoni ake liƙa musu. Madubin Leupold ko Zeiss ko Swarovski da aka yi maka tayinsa a kuɗin wayar hannu, ka san da walakin. Duba lambar da aka buga a jikinsa ka tuntuɓi kamfanin ta intanet. Wasu kamfanonin Amurka, irin su Leupold da Vortex, suna ba da garanti na tsawon rai, amma garantin ba ya hawa kan jabu, kuma aika kaya daga Zinder zuwa can ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai gwajin hannu. Haska tocila ta babban gilashin gaba, ka leƙa ta gefe. Kada ka ga ƙura a ciki, ko ɗigon mai, ko wani abu mai kama da saƙar gizo, ko bakan gizo a gefen gilashi, wanda ke nuna gilasai biyu da aka manne sun fara rabuwa. Juya kowane majuyi a hankali, kunnenka kusa da shi. Kowane taku ya kamata ya yi ƙas, ka ji shi a yatsa, ba luguf-luguf ba. Girgiza shi kusa da kunne. Ba abin da ya kamata ya yi kwaramniya. Idan mai sayarwa ya yarda, sa shi a firigo kamar awa ɗaya ka fito da shi. Raɓa za ta kwanta a waje, wannan ba laifi. Bari ta bushe ka leƙa. In akwai hazo daga ciki, zoben roba ya riga ya saki, ka mayar masa da abinsa.

Mai bindigar iska ta sifirin ya lura: dukan bayanta gaba da baya yake yi, kuma yakan kashe madubin da aka yi don bindigar harsashi ko da mai tsada ne. Sai wanda aka rubuta an yi shi dominta.

Mataki na biyu: ɗaurawa

Da yawa daga cikin madubin da ake zagi cewa ba ya riƙe saiti, ba shi da laifi, ɗaurinsa ne ya ɓaci. Kada ka sayi madubi mai tsada ka ɗora shi a kan zobba na banza.

Fara da mazaunin da ke kan bindiga. Kwance notukansa, goge ramukan da notukan kansu da alkol har mai ya fita, su bushe. Ɗiga ɗan gam ɗin riƙe noti mai launin shuɗi, irin Loctite 242 ko 243, a kan zaren notukan mazauni kawai. Kada ka yi amfani da ja, shi sai da wuta ake kwance shi. Ɗaura ƙasan zobban, ka kwantar da madubin a kai. Ya kamata ya zauna lafiya lau, ka iya zame shi gaba da baya ba tare da ya cije ba. In ya cije, zobban ba su daidaita da juna ba, kuma in ka tilasta, bututun ne zai tanƙware. Kada zobe ya matsu da gidan majuyai ko da wurin da bututun ya fara buɗewa. Bar ɗan sarari.

Sa saman zobban sako-sako, ɗauki bindigar ka kafa a kafaɗa yadda ka saba, idonka a rufe, sannan ka buɗe. Matsar da madubin har hoto ya cika ba baƙin zagaye a gefe. Yawanci tsakanin ido da gilashin baya yakan kama santimita 8 zuwa 10. In ya gaza haka, ranar da bindiga ta yi dukan baya gira ce za ta biya. Daidaita gicciyen ya miƙe: rataya igiya da dutse a jikin reshe, ka daidaita layin tsaye da ita.

Yanzu ɗaurin saman zobba, inda aka fi ɓarna. Mu nan mun saba da ɗaure noti har sai ya yi ƙara, saboda mun san halin hanyoyinmu. A nan wannan ɗabi'a cuta ce. Jikin bututun siriri ne, in ka matse shi fiye da kima sai ya danne ƙaramin bututun ciki, majuyi ya riƙa juyawa gicciye bai bi ba, daga baya ya zabura lokaci guda. Kamfanoni da yawa suna cewa inci-fam 15 zuwa 18 ne awon ƙarfin ɗaurin waɗannan notuka, kusan niyuton-mita 2, amma bi abin da takardar naka ta ce. Akwai turnabis mai awo wanda ke saki da kansa idan ɗauri ya kai. Rukunin ma'aikata ko ƙungiyar maharba su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, ya ishe su duka. Ɗaura a gicce, kaɗan-kaɗan, wannan noti sannan na kusurwar da ke fuskantarsa, har tsagar da ke tsakanin sama da ƙasan zobe ta zama daidai a gefe biyu. Galibi ba a sa gam a notukan zobba, don yana sa zare santsi, sai matsi ya wuce awon da ka sa.

In ka gama, ɗauki farin fenti da tsinken ashana ka ja ɗan layi daga kan kowane noti zuwa jikin zobe, wani layin kuma a jikin bututun dab da bakin zobe. Daga ranar, kallo ɗaya zai gaya maka ko wani abu ya motsa.

Mataki na uku: gwada majuyai, ka rubuta saitinka

Wannan gwaji ba ya cin harsashi. Auna mita 100 da ma'auni, ba da taku ba. Kafa kwali, ka zana masa layuka a tsaye da a kwance, tazarar santimita 10 tsakaninsu. Danne bindigar da buhunan yashi har ba ta motsi ko kaɗan, gicciye a kan mahaɗar layuka ta tsakiya. A jikin majuyi akan rubuta girman takunsa da awon da ake kira mil ko MOA. Idan majuyinka an rubuta masa 0.1 mil, taku ɗaya santimita 1 ne a wannan nisa. Idan kwatan MOA ne, taku ɗaya ya ɗan ɗara milimita 7. Ka leƙa, wani ya juya maka a hankali: taku 20 sama, 20 dama, 20 ƙasa, 20 hagu. Za ka ga gicciye yana tafiya akasin abin da aka rubuta, haka yake, kada ka damu. Abin dubawa biyu ne: ya yi tafiyar da lissafi ya ce, kuma ya komo daidai inda ya tashi. Maimaita. Wanda bai komo ba, kada ka fita jeji da shi.

Daga nan sai ka yi saiti da harsashi a wurin da hukuma ta amince, da tudu a bayan allo. Yi shi da sassafe kafin kawalwalniya ta tashi. Rubuta a ƙaramin littafi ranar, da irin harsashin, da inda kowane majuyi ya tsaya.

Mataki na huɗu: ƙura

Nan ne gizo ke saƙa. Hazon da ke rufe garin Zinder daga Nuwamba zuwa Fabrairu, har mutum ya tsaya a Birni ya kasa hango duwatsun bayan gari, mafi yawansa daga arewa maso gabas iska ke kwaso shi, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. A hannu laushi gare shi kamar gari. Amma a cikinsa, da cikin yashin da iska ke ɗagawa a Tanut ko Tasker, akwai ƙwayoyin farin dutse waɗanda taurinsu ya kai 7 a ma'aunin taurin duwatsu, alhali gilashi bai wuce 5 da rabi zuwa 6 ba. Shafin da ke kan gilashin kuma bai kai kaurin gashi ba, nesa ba kusa ba. Duk wanda ya sa bakin rawani ko gefen riga ya murza gilashi mai ƙura, aikin da mata ke yi wa gindin tukunya da yashi shi ya yi masa.

Kuma ɓarnar ba ta nuna kanta a ranar. Ɗauki madubin da ya sha irin wannan guga, ka karkata shi a hasken rana, za ka ga ƙananan zane zagaye-zagaye a tsakiyar gilashin, launin koren nan ya koɗe a wurin, gefe kuwa yana nan da kyansa. Da tsakar rana ba za ka ji bambanci ba. Sai da la'asar sakaliya, rana ta yi ƙasa tana fuskantarka, hoton ya yi fari fat, ka kasa bambance barewa da kututture. Wannan ba ya gyaruwa. Abin yana ba ni takaici ƙwarai, domin gilashin da aka kashe dukiya a kansa, hannun da ke ƙaunarsa ne ya lalata shi.

Ga yadda ake yi. Nemi abubuwa huɗu ka sa su a leda mai zif wadda ba ta buɗewa sai lokacin aiki: ƴar robar hura iska, buroshi mai laushi, ƙyallen goge tabarau, da ƴar kwalbar ruwan goge gilashi ko alkol mai tsabta. In ba ka samu robar masu hoto ba, robar da ake zuƙe wa jarirai majina da ita, wadda ake sayarwa a kantin magani, tana yi, muddin sabuwa ce. Buroshin kwalliya na mata, sabo fil wanda bai taɓa hoda ba, za ka samu a kasuwar Dole.

Shiga ɗaki ko mota, inda iska ba ta kaɗawa. Fara da jikin madubin da kewayen majuyai, da wani buroshi daban, don kada ƙurar jiki ta dawo kan gilashi bayan ka gama. Sannan juya gilashin ya kalli ƙasa, ka hura da robar sau da yawa, ƙura ta zubo da kanta. Kada ka hura da baki. Yawu na biyo numfashi, in kana cin goro kuwa har da ɓarɓashinsa. Kada ka kai wa mai facin taya ya busa da injinsa, iskar na ɗauke da mai da ruwa, kuma ƙarfinta na cusa yashi ƙarƙashin zoben roba. Bayan hurawa, share da buroshi a hankali, har yanzu gilashin na kallon ƙasa, musamman lungun da gilashi ya haɗu da ƙarfe, inda yashi ke maƙalewa. Sake hurawa. Haska tocila a karkace ka duba. In ba tabon yatsa ko na gumi, to ka gama, kada ka goga komai. Yawan guga ma illa ne.

In akwai tabo, ɗiga ruwan gogewa a kan ƙyalle, ba a kan gilashi ba, don kada ya gangara cikin gaɓa. Fara daga tsakiya, ka zagaya zuwa gefe, ba dannawa. Kowane zagaye ka canza wurin ƙyallen. Ƙyallen da ya faɗi ƙasa, ko ya kwana a aljihu tare da makullai, ya tashi daga aiki sai an wanke shi. Takardar goge hanci, kananzir, man fetur da sabulun wanki, duk a nisanta su.

Idan guguwa ta same ka, ko farkon ruwan sama ya haɗu da ƙura ya zama taɓo ya bushe a kan gilashi, buroshi ba zai iya ba. In madubinka mai hana ruwa ne, rufe murafen majuyai, ka zuba ruwa mai tsabta a hankali ya jiƙa taɓon ya tafi da shi. Kowa ya san darajar ruwa a Damagaram, balle a jeji, amma rabin kofin shayi ya isa. Yi amfani da ruwan sha na roba. Ruwan wasu rijiyoyi na da kanwa, in ya bushe yana barin farin tabo.

Majuyin da ka ji yana gurzar yashi, kada ka tilasta shi, kuma kada ka ɗiga masa man keke ko man bindiga. Mai yana kama ƙura, wani ma yana cin roba. Share kewayensa, hura, juya kaɗan gaba da baya, sake hurawa.

Mafi sauƙin duka shi ne murfi. Murfin gaba da na baya, masu ɓallewa da yatsa ɗaya, su zauna a rufe sai lokacin leƙawa. Madubin da ke rufe ba ya bukatar guga kullum.

Mataki na biyar: zafi

A watan Afrilu da Mayu zafin Zinder yana wuce digiri 40 a inuwa. Cikin motar da aka rufe a rana kuwa, musamman gaban direba ƙarƙashin gilashi, yana wuce 60. A irin wannan zafi giris ɗin ciki yana narkewa ya malala, tururinsa ya kwanta a kan gilasan ciki inda hannu ba ya kaiwa. Zobban roba suna tsufa da wuri, su bushe su tsage. Mannen da ke haɗe da gilasai yana rauni. Baƙin fentin madubi kuma jan zafi yake yi.

Don haka in an yi zango, bindiga ta bi ka inuwa. In ba itace, ƙarƙashin mota ya fi cikinta, a kan tabarma, ba a kan yashi ba. Lulluɓe madubin da farin ƙyalle. Kada ka jingine ta babban gilashin na kallon rana ba murfi, don yana tara hasken wuri ɗaya a ciki har ya ƙona abin da ya samu. Kai ma kada ka taɓa leƙen rana ta cikinsa, ko na ƙiftawar ido, makanta ce.

Idan gicciyenka mai haske ne, yawanci batir CR2032 mai bolt 3 yake ci. Zafi na rage masa kwana. Kashe shi bayan aiki, riƙe na canji a cikin ledarsa, kuma cire shi idan za a daɗe ba a fita ba.

Akwai abubuwan da zafi ke yi waɗanda ake ɗora wa madubi laifinsu a banza. Da hantsi ya ɗaga, kawalwalniya na sa abin da kake kallo ya riƙa rawa, ya bayyana a inda ba nan yake ba. In madubinka mai canza girma ne, rage ninkin. Hancin bindiga da ya yi zafi shi ma yana tada irin wannan rawa a gaban gilashi. Harsashin da ya sha rana kuma yakan fita da ƙarin gudu, ya sauka sama da inda ya saba. Kada ka taɓa majuyi saboda abin da ka gani da azahar.

Mataki na shida: hanya

Jijjiga ta awa da awanni a kan hanyar burji ko tudun rairayi ta fi faɗuwa ɗaya kwance noti. Bindiga ta shiga jakarta mai soso, madubi na kallon sama, kada nauyinta ya hau kansa, kada a ɗora mata kaya. A kan babur, rataya ta a baya ta fi ɗaure ta a jikin ƙarfe, don jikinka yana shanye jijjigar. A kan raƙumi, lura da lokacin da zai durƙusa da lokacin tashi, a nan madubi ke bugun sirdi. Kada ka ɗaga bindiga ta madubinta.

Duk inda aka sauka, dubi layukan fentin nan. In ta faɗi ko ta bugu sosai, ko da ba ka ga rauni ba, ɗauka cewa saiti ya tafi har sai ka gwada a allo. Dabbar da aka raunata ta gudu ta mutu a wahala saboda saitin da ba a duba ba, alhakinta na wuyan maharbi.

Mataki na bakwai: damina da ajiya

Daga Yuni zuwa Satumba matsalar ta juya, musamman a kudu wajen Magarya da Matamai inda laima ta fi yawa. Fitowa daga mota mai sanyi zuwa iska mai laima na sa raɓa ta kwanta a gilashi. Ba ta minti kaɗan ta tafi da kanta. In ruwa ya dake ku, tsane jikin da ƙyalle, buɗe murafe, bar shi ya sha iska a ɗaki kafin ya koma jaka. Jakar soso da ta jiƙa tana riƙe danshi kwana da kwanaki, kuma a cikin duhu da laima fumfuna ke tsira a kan gilashi ta ci shafinsa, notuka su yi tsatsa. Shanya jakar daban.

Dukawan Zinder sun iya aikin fata, kuma za su ɗinka maka kube mai kyau wanda zai tare ƙaya da karangiya da bugu a hanya. Ka ce a yi masa shafi da yadi mai laushi daga ciki. Sai dai na tafiya ne, ba na ajiya ba, don fatar da aka jeme da bagaruwa tana jan danshi a damina, ita ma tana fumfuna. Don ajiya, akwati mai kulle, nesa da yara, a ɗage daga ƙasa, tare da ƴan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET yana narkar da roba da fenti. Wanke hannu kafin ka taɓa madubi.

In saiti ya kauce

Kada ka fara da zargin madubi, kuma kada ka hau juya majuyai. Bi wannan tsari. Duba littafinka ka ga ko majuyai na inda ka bar su. Duba layukan fenti na zobba da na mazauni. Sannan duba notukan da suka haɗa ƙarfen bindiga da katakonta, domin katako yana kumbura a damina ya tsuke a hunturu, kuma wannan kaɗai yana iya kwance su ya kautar da harbi. Tabbata harsashin irin wanda ka yi saiti da shi ne. Danne bindigar, ka leƙa, ka motsa kanka hagu da dama ba tare da taɓa ta ba. In gicciye na yawo a kan allo, daidaita majuyin nisa, wanda ake juyawa gwargwadon nisan abin da ake kallo, idan madubinka na da shi, in ba shi da shi ka kula da ajiye kunci wuri ɗaya kullum. Sai bayan duk wannan za ka sake gwajin kwali na taku 20.

In a nan ya gaza, ko ka ga hazo, ko ɗigon mai, ko ƙura daga ciki, ko gicciye ya karkace, to ciwon na ciki ne. Kada ka kwance shi, kuma kada ka kai wa mai gyaran agogo ko na waya, komai ƙwarewarsa. Da an buɗe, busasshiyar iskar nan ta fice, iskar gari ta shiga da ƙurarta da danshinta, garanti kuma ya faɗi. Ma'aikaci ya rubuta wa shugabansa abin da ya gani, da lambar madubin da ranar da ya fara, a cire shi daga aiki. Mai zaman kansa ya ɗauki hoton lambar da na aibin, ya aika wa kamfani ko dillalin da ya sayar masa, ya nemi yadda za a mayar. Kafin amsa ta zo, a kwance madubin daga kan bindigar, a koma saitin ƙarfe idan tana da shi, a gwada shi a allo tukuna kafin a fita.